Ƙishirwar Inabin Ammu Salim

Ko da tsufa zai kwashe komai daga kaina, har sunan unguwarmu Hindawiyya, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na miƙe tsaye a gaban mutane, na gyara hula, na karɓi godiyar da babu wanda ya yi niyyar yi min ba. A wata gonar inabi abin ya faru, can bayan Ɗa'ifa. Har yau idan aka kawo inabi gidanmu, Hajiya sai ta turo farantin gabana ta ce, "Likita, ga majinyatanka." (Hajiya matata ce. Na san a Makka ko kyanwar gida Hajiya ce, amma tawa ita ce ta asali.)

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, kada ku ɗauka wani shehi ne ke magana. Karatuna na allo ya tsaya inda ya tsaya, ba zan faɗi surar ba don jikokina na iya sa a karanta musu wannan. Boko kuwa na ɗan lasa, iya abin da zan rubuta sunana in gane motar da za ta kai ni Harami. Sana'ata ruwa ce. Tun ina saurayi, kafin famfo ya shiga kowane lungu na garin nan, ni ɗan ga-ruwa ne, abin da Larabawan nan ke kira sagga: garwa biyu, sanda ɗaya a kafaɗa, da hawan tudun da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Da famfo ya zo ya ƙwace mana aiki sai na buɗe ɗan shagon turare da carbi, amma ruwa bai sake ni ba. Ni ke cika tulunan sanyi na masallacin unguwa. Idan aikin Hajji ya zo kuma, ina bin motar sabil, wato motar sadakar ruwa, ta mutanen unguwarmu, mu tsaya a hanyar da alhazai ke takowa daga Muzdalifa zuwa Mina, muna miƙa musu ruwa don Allah. Ban taɓa fashi ba. Shekarar da aka yi min aikin ido ma da ido ɗaya na je.

To, a shekarar da nake ba ku labari Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, kuma ana saura 'yan makonni sai ƙasa ta juya da ni a harabar masallaci, jarka a hannuna. Na farka a asibiti. Likita ya ce hawan jini ne. Na ce masa ai jinin da ya yi shekara da shekaru yana hawan tudun Makka dole ya saba da hawa. Bai yi dariya ba. Likitocin yanzu ba su san raha ba.

Babban ɗana shi ya yanke hukunci. Abba muke ce masa, don sunan mahaifina gare shi, bakina ba ya iya kama sunan. A nan aka haife shi, Hausarsa rabi ce, sauran rabin Larabci ya cinye, amma idan ya tashi kafiya babu tafinta da ake bukata.

"Baba, za mu kai ka mazra'a, gona ce a Ɗa'ifa, ka huta mako guda. Idan ka zauna ba ka ɗauki abin da ya fi kofin shayi nauyi ba, jinin kuma ya sauka, likita ya ce zai bar ka ka bi motar sabil. In ba haka ba, halas, bana a gida za ka yi."

"Kai Abba, tun da aka halicci duniya ka taɓa jin inda mutum ya je gona don ya huta?"

Sai ya zaro waya ya nuna min hotuna. Wai haka Turawa ke yi a ƙasashensu: su bar gidajensu masu kyau, su tafi ƙauye kusa da wani tsohon gari a kan dutse, su zauna a tsakiyar gonar inabi suna kallon ganye. Na ce ai waɗannan abin da suke matsewa daga inabin ne ke zaunar da su, mu da ba ma sha me zai zaunar da mu? Ya ce, "Alkawari zai zaunar da kai." Na ɗora hannu a ƙirji na yi alkawarin. Hajiya ce shaida, kuma ta yi wata 'yar dariya ta hanci da ban so ba.

Duk wanda ya hau hanyar Hada ya san yadda take: mota na nannaɗe dutse kamar ana naɗa rawani, birai na zaune a bakin titi suna kallon mutane kamar ma'aikatan shige da fice. Kana hawa, zafin Makka na zamewa daga jikinka. Mun ratsa tsohuwar kasuwar Ɗa'ifa, Hajiya ta sayi ruwan wardi da zuma, na tsaya ina kallon gidajen dutse masu tagogin katako waɗanda suka girmi kakana. Daga nan muka bi wata 'yar hanya har gonar.

Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. An sassare gefen dutse hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da shukarsa: rumman a sama, ɓaure da na'ana'a a tsakiya, inabi a kan rumfuna har ƙasa. Can a kan tsauni akwai wata tsohuwar hasumiyar dutse, wai nan mutanen da ke tsayawa gadi. Ɗakunan baƙi kaɗan ne, kowanne da 'yar barandarsa. Mai gonar, Ammu Salim, wato baffa Salim, dattijo ne sa'ana, siriri kamar sandar garwata, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada barcin wani. Mahaifin abokin aikin Abba ne, shi ya sa ya karɓe mu kamar dangi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya Hajji, gonar nan taka ce." (Ku riƙe wannan maganar. Balarabe idan ya ce maka gida naka ne, ba cewa ya yi ka fara gyara ba.)

Hajiya ta shiga hutu kamar a ciki aka haife ta. Ta miƙe ƙafa a baranda, ta sa matashi a baya, tana kallon hazo na sauka kan duwatsu tana cewa, "Ashe haka masu hankali ke rayuwa." Ni kuwa na zauna, na tashi, na sake zama. Na yi tasbihi har carbi ya yi zafi. Na gano cewa rana doguwa ce ƙwarai idan ba ka ɗauke da komai. Kafaɗata ta dama, inda kanta ta yi tauri kamar kofato, sai ƙaiƙayi take. Na lura da wani abu kuma da ban gaya wa kowa ba: an yi sallah a masallacinmu, an sha ruwa, babu wanda ya buga waya ya tambayi inda makullin tulu yake. Duniya ta ci gaba ba tare da ni ba, ko tari ba ta yi ba.

Kashegari bayan azahar, kowa ya kwanta ƙailula, na ce bari in taka in motsa jini (taka ƙafa ba ya cikin abin da aka hana). Na gangara hawa-hawa har layin ƙarshe. Nan na ga abin da ya tsayar da ni.

Inabi ne fari, tsofaffin itatuwa masu kaurin cinya, nonon inabin na rataye reras. Amma ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta bushe ta tsattsage. Ganyen ya yi laushi, ya sunkuyar da kai. A sama na ga rumman na shan ruwa, na'ana'a na wanka, su kuwa waɗannan bayin Allah ko ɗigo. Na bi bututun har inda ya fito daga birka, wato babban kwarmin siminti da suke tara ruwa, na tarar an rufe famfon layin, an naɗe shi da waya, an ɗaura jan ƙyalle a kai.

Mai hankali idan ya ga famfo a ɗaure da waya da jan ƙyalle zai ce akwai dalili. Ni ma na ce akwai dalili: yaran baƙi ne ke wasa da shi, dattijo ya ɗaure, tsufa ya sa ya manta. Na ma ji tausayinsa.

A nan sai in ɗan tsaya da wasa. Ina ƙarami iyayena suka taso da mu daga gida, muka ratsa Cadi da Sudan, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa, shekaru muna tafe kafin mu ga teku. Yawancin hanyar ta ɓace min. Abin da ya rage shi ne wata rana da ruwa ya ƙare, mahaifiyata ta jiƙa bakin zaninta da ɗan abin da ya saura a salka, tana goga mana a leɓe ɗaya bayan ɗaya, ita ba ta taɓa nata ba. Na ga yadda leɓenta ya tsattsage. Ƙasar nan ta ƙarƙashin inabi irin tsagewar ke gare ta. Tun daga wancan lokaci ba na iya ganin ƙishirwa in wuce, ko ta mutum, ko ta jaki, ko ta tsiron da ya fito a jikin bango.

Sai na zauna a bakin birka na yi wa kaina fatawa. Na ji malamai na cewa shayar da duk mai rai akwai lada. Itace mai rai ne, wannan ko ɗan allo ya sani. Alkawarin da na yi wa Abba kuwa a kan ɗauka ne, murɗa famfo ba ɗauka ba ne. Babu wanda ya yi gardama a majalisar, don ni kaɗai ne a ciki. Na warware waya, na murɗa.

Wayyo, ƙarar ruwan nan da ya shiga busasshiyar ƙasa! Tana sha tana tsotsa kamar jariri. Na tsaya ina ce mata, "Sha, sha, babu mai korar ki."

Sai dai bututun ɗigo-ɗigo yake bayarwa, kamar mai rowa, kuma itatuwan can ƙarshe ko isa gare su bai yi sosai ba. Ina waigawa sai ga bokitan fenti biyu a bayan birka, ga wata sanda a jingine, daidai tsawo, daidai kauri, kamar an aiko ta. Nan majalisa ta sake zama. Fatawa ta biyu ta fi ta farko zurfi: bokiti ɗaya nauyi ne, ban musa ba. Amma idan biyu ne, na dama ya danne na hagu, na hagu ya danne na dama, sai nauyi ya kashe nauyi, mutum ya zama yana tafiya ne kawai a tsakiyarsu. Wannan ilimin lissafi ne, ba son zuciya ba.

Da sandar nan ta sauka a kan kantata, wallahi sai da na ji hawaye. Jikina ya tuna komai: yadda ake karya gwiwa kaɗan, yadda ake tafiya da rangaji don kada ruwa ya fantsama, yadda ake sauya kafaɗa ba a tsaya ba. Na manta da likita, na manta da shekaruna. Na yi ta kai da kawo har layin ya zama fadama. Da na gama na rufe famfo, na mayar da waya, na ɗaura jan ƙyalle yadda na same shi, don sadakar ɓoye ta fi lada.

Na dawo ɗaki ina sanɗa. Hajiya ta buɗe ido ɗaya.

"Malam, me ya sami ƙafar wandonka?"

"Alwala na yi."

"Alwala har gwiwa? Da laka?"

"Ƙasar nan ba irin ta Makka ba ce, tana bin mutum."

Ta dube ni, ta dubi kafaɗar rigata, ta mayar da idon ta rufe. "Allah ya karɓa," in ji ta. Mun yi shekaru da yawa tare, na san wannan "Allah ya karɓa" ba addu'a ba ce, ajiya ce.

Haka na riƙa yi duk ƙailula. Ammu Salim yana can sama da rumman ɗinsa da baƙinsa, ya riga ya ce ba zai taɓa layin ƙasa ba sai ranar Alhamis, ranar da zai tsinko na fari ya ɗanɗana wa kowa. Ya ce mahaifinsa ne ya dasa layin, kuma duk kwarin nan babu inabi mai zaƙinsa, har daga Jidda ake zuwa nema. Ina jin haka ina murmushi a cikin gemu. Ganye ya miƙe, 'ya'yan sun kumbura suna ƙyalli. Na ce a raina, dattijo, za ka ga abin mamaki. A nan dai ban yi ƙarya ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin babbar rumfa. Maza a nan, mata a gefe bayan 'yan shukokin wardi, ana jin juna. Akwai wasu iyalai biyu da suka zo hutu, ga Abba da ya hau daga Makka don ya mayar da mu washegari, sanye da farar riga kal. Aka kawo gahawa da dabino. Ammu Salim ya ɗauki kwando da almakashi ya gangara.

Ya daɗe. Da ya dawo kwandon babu komai, nono ɗaya kawai ya riƙo a hannu, takalmansa sun yi kauri da laka. Ya zauna, ya ajiye inabin a bayan tulun gahawa, ya zuba wa na kusa da shi, sannan ya ce, da wannan muryar tasa mai sanyi:

"Ya jama'a, wani ya shayar da layin ƙasa. Ba sau ɗaya ba. Ina so in san ko wane ne."

Ku yi min adalci. Mutum ya yi magana a hankali, bai ɗaure fuska ba, idonsa har ya ɗan yi ruwa. Me za ku ɗauka? Ni na ɗauka alheri ne ya taɓa zuciyarsa, yana neman wanda zai yi wa addu'a. Na ɗan yi kokawa da kaina: in yi shiru ladan ɓoye ya cika, ko in fito kada in bar dattijo cikin wasiwasi? Na ga hana mutum yin godiya ma wani nau'in rowa ne.

Na miƙe. Na gyara hula. Na yi gyaran murya.

"Ya Ammu Salim, kada ka wahalar da kanka. Ni ne. Amma don Allah kada ka gode min, ban yi don a gode ba."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka girmamawa ce, sai na ƙara.

"Mu tsofaffi dole mu riƙa rufa wa juna asiri. Mantuwa ba laifi ba ce, ni ma ina yi. Na ga ka ɗaure famfon don yara ka manta, na ce ba za a yi haka ina raye ba. Kuma bututun nan naka, ka yi haƙuri, rowa gare shi. Sai da na haɗa da bokiti biyu da sanda, irin yadda muke yi a da, kafin na ƙarshen su ƙoshi."

Daga bayan wardi na ji muryar Hajiya, ƙasa-ƙasa: "Inna lillahi."

Abba ya ajiye kofinsa. "Bokiti biyu, Baba?"

Sai a lokacin na tuna yana wurin.

Ammu Salim ya ɗauko inabin daga bayan tulun gahawa. Ya tashi, ya kamo hannuna, ya buɗe tafin, ya ɗora min nonon inabin nan. Na duba. Kusan kowane ɗa ya fashe, fatar ta tsage, ruwa na tsiyaya, wasu sun fara baƙi a bakin tsagar. Wata rina ta biyo shi tun daga ƙasa, ta sauka a babban yatsana.

"Ɗanɗana, ya Hajji."

Na ɗanɗana. Ruwa ne. Ruwan birka da aka ɗan nuna wa sukari daga nesa.

"Ƙishirwar nan ni na sa musu," in ji shi. "Idan inabi ya kusa nuna sai a janye masa ruwa. Yana jin ƙishi sai ya tattara zaƙinsa a cikin 'ya'yan. Idan ka ba shi ruwa a lokacin, zai sha fiye da abin da fatarsa za ta ɗauka." Ya nuna tafin hannuna. Bai ƙara ba.

Da zagina ya yi, da na samu abin riƙewa. Ina tsaye, hula a gyare, inabi na ɗiga ta tsakanin yatsuna har kan darduma. In zauna, ban san ta yaya ake fara zama ba. In ci gaba da tsayuwa, jawabi ya ƙare. Wani baƙo ya shiga duban cikin kofinsa kamar an rubuta wani abu a ƙasan. Abba kuwa ya rufe fuska da hannu, kuma na san abin da yake gani: safiyar da zai koma ofis ya zauna kusa da ɗan mutumin nan.

Ammu Salim ya dubi rana ya ce abin da bai ruɓe ba dole a tsinke shi kafin magariba, a dafa shi ya zama dibis, wato madin inabi, in ba haka ba gobe na rina ne. Nan take na ga ƙofar tuba. Na ce, "Ina almakashi? Ni zan fara!"

Ban taɓa jin Larabci da Hausa sun haɗu a kalma ɗaya kamar ranar ba. Maza suka ce "La!", Hajiya da Abba suka ce "A'a!", duk a numfashi ɗaya.

Aka kawo kujera aka dasa a saman layin, aka dasa ni a kai. Ina zaune ina kallon mutanen da suka baro gidajensu don su huta suna tsugune cikin laka suna tsinkar inabi. Farar rigar Abba ta koma kalar gahawa. Duk wanda ya wuce da kwando sai ya ce min, "Irtah, ya Hajji," wato in huta. Ban taɓa sanin kalma mai daɗi na iya zafi haka ba.

Hajiya ta zo ta tsaya kusa da ni, tana goge hannu da gefen mayafi.

"Hajiya, tausayi ne ya ja min."

"Tausayi na ciki, ban hana ka ba. Amma Malam, ni da kai ne a nan. Ba ƙishirwar inabi ce ta hana ka barci ba. Tsoro kake kada a wayi gari a ga ana iya shan ruwa ba da hannunka ba."

Na buɗe baki in kawo fatawa ta uku, majalisa ta ƙi zama.

Da safe, kafin mu tafi, na je neman gafara. Na tarar da Ammu Salim a bakin birka, yana juya wayar nan a hannu. Na fara jero ban-haƙuri, ya ɗaga hannu ya matsa min wuri. Muka zauna, tsofaffi biyu, muna kallon layin da babu ko nono ɗaya a jikinsa. Ya ce itatuwan ba za su mutu ba, sun ga abin da ya fi ni. Bana dai ta tafi.

Can ya ce, "Ka ce don yara na ɗaure famfon?"

"Haka na zata."

"Don kaina na ɗaure. Kullum idan na ga ganyen nan ya sunkuya, hannuna ƙaiƙayi yake. Shi ya sa ba na saukowa nan sai ranar tsinka. Shekarar da mahaifina ya fara bar min gonar, ni ma na buɗe." Ya ɗan yi murmushi. "Sai dai ni ban tashi na yi huɗuba ba."

Muka yi dariya har tari ya kama mu. Ya miƙo min wayar da jan ƙyallen ya ce in tafi da su, ya ga alama na fi famfonsa bukata.

A mota babu wanda ya ta da maganar sabil. Sai da muka gangaro, zafin Makka ya fara shigowa ta gilashi, Abba ya ce, ba tare da ya waigo ba, "Baba, ka san hukuncin." Na ce na sani. Ban yi gardama ba, don wanda ya kai kansa ƙara ya kuma ba da shaida a kan kansa ba shi da bakin ɗaukaka ƙara.

Motar sabil ta tafi babu ni. Ranar sallah Abba ya kai ni gidansa a Aziziyya, inda alhazai ke wucewa idan sun fito daga Mina. Ya ajiye min kujera a inuwar ƙofa, ya ajiye babban tulun sanyi da kofuna a gefe, ya ɗaura jan ƙyallen nan a hannun kujerar (yaron nan bai da kunya, daga wurin uwarsa ya gado). Sharaɗi ɗaya: mai so ya zuba da kansa, ni ba na tashi.

Da fari kamar a kan ƙaya nake. Sannu a hankali sai na fara ganin abin da ban taɓa gani ba. Duk shekarun nan hannuwa nake gani, hannu ya miƙo, in sa kofi, wani hannu ya miƙo. Ranar na ga fuskoki. Na ga tsoho na jan tsohuwarsa da bakin mayafi, na ga ƙato na kuka shi kaɗai yana tafiya. Suka sha, suka ƙoshi, babu wanda ya faɗi don ban tashi ba.

Wajen azahar wani alhaji ya tsaya, da ganin tsagen fuskarsa na san mutumin gida ne. Ya zuba ya sha, ya yi hamdala, ya dube ni. Sai ya ɗauki wani kofin ya cika, ya miƙo min.

"Baba, kai ka sha kuwa? Leɓenka ya bushe."

Na karɓa. Tun da nake tsayawa a hanyar alhazai, ranar ce ta farko da wani ya ba ni ruwa. Na sha a hankali, kuma ban san me ya sa ba, mahaifiyata na tuna.

Yanzu duk shekara Ammu Salim na aiko mana da inabin layin ƙasa ta hannun Abba, mai zaƙi har ya kama maƙogwaro, tare da saƙon baki cewa an samu albarka bana saboda Hajji bai zo hutu ba. Ni kuwa abin da na koya ba shi da yawa, daidai karatuna: idan ka ga abu a ɗaure, nemi wanda ya ɗaure kafin ka nemi lada. Idan kuma an tambayi wanda ya yi wani aiki, ka bari ka ga abin da mai tambayar ya ɓoye a bayan tulun gahawa kafin ka gyara hula.

Ina ƙoƙarin aiki da shi. Jiya ma sai da na tambayi Hajiya kafin in zuba wa furen da ke kan tagarmu ruwa. Ta ce in zuba, ba zai fashe ba, na roba ne, kuma na yi wata uku ina shayar da shi.